Ƙullutu a wuya, dushewar murya: sankarar da ake kai wa asibiti a makare

Yawanci da ƙaramin abu take farawa. Gyambo a harshe da ya ƙi warkewa, muryar da ta dushe ana cewa sanyi ne, ko ƙullutu a gefen wuya wanda ba ya zafi. Da yake ba ya zafin, sai a bar shi. Daga nan a je wurin mai magani a tebur, a gwada jiƙe-jiƙe, wani lokaci har wanzami ya yi sakiya. Kafin a isa sashen kunne, hanci da maƙogwaro na babban asibitin Damagaram, Maraɗi ko Yamai, watanni sun shuɗe, haɗiyar abinci ma ta zama aiki.

Sankarar kai da wuya ba cuta ɗaya ba ce. Ta haɗa da ta baki, harshe, maƙogwaro, maƙoshi, bayan hanci da mataran yawu. Kusan tara cikin goma suna tasowa ne daga siririyar fatar da ta lulluɓe cikin baki da maƙogwaro. A duniya ana samun sababbin masu ita kusan dubu 900 a shekara, maza sun fi mata.

Taba ce kan gaba wajen haddasa ta, giya na biye, kuma haɗa su biyun ya fi kowanne muni. Tabar da ake cusawa a leɓe da kanwa ba ta fi sigari sauƙi ba. Shishar da samari ke zagayawa da ita a fada ita ma hayaƙin taba ce, ƙamshin tuffa bai canza komai ba. Akwai kuma ƙwayoyin cuta: HPV na da hannu a sankarar ƙwaurin maƙogwaro, Epstein-Barr kuma a ta bayan hanci, wadda kan kama har matasan da ba su taɓa shan taba ba. Ita ma sankarar Burkitt, mai kumbura muƙamuƙin yara a yankunan da zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu, tana da alaƙa da wannan ƙwaya, kuma tana jin magani sosai in an fara da wuri.

Ido kaɗai ba ya tantance ta. Sai an ɗebi ɗan tsoka an duba a madubin likita. A nan ne iyalai da dama ke ja da baya, bisa imanin cewa in ƙarfe ya taɓa daji sai ya bazu. Jinkirin ne ke ba ta damar bazuwa.

Tun 2021 Cibiyar Yaƙi da Sankara ta Ƙasa da ke Yamai ta fara gashin haske, abin da a da sai an fita waje. Amma tafiya, masauki da kuɗin gwaji suna kan iyali, kuma sau da yawa ɗan da ke Legas, Abijan ko Libiya ne ke turowa. Idan aka kira shi aka ce muryar baba ta dushe, ko gyambon bakin inna ya wuce mako uku, kuɗin farko gara su tafi ga ganin likita da gwajin tsoka.