Zaɓen Iyakwandishan na Jikin Bango Domin Ɗakunan Masauki

A watannin Maris da Afrilu, lokacin da bazara ta tsananta a ƙasar Zazzau, ɗakin da aka rufa da kwano yakan riƙe zafin rana har tsakar dare. Saboda haka mai gina masaukin baƙi a Ikara ko Makarfi ko Hunƙuyi ta ƙaramar hukumar Kudan ba shi da makawa sai ya tanadi na'urar sanyaya ɗaki. Da yawa sukan zaɓi irin wadda ake huda bango a zaunar, domin kowane ɗaki da tasa: in ba baƙo sai a kashe, in kuma ɗaya ta lalace sauran ba su tsaya ba.

Aikin na'urar kwashe zafi ne daga ɗaki ta zubar a waje. Misalinta shi ne randa, wadda ruwanta ke yin sanyi saboda danshin da ke tsattsafowa a jikinta yana bushewa, yana tafiya da zafi. A cikin iyakwandishan wani sinadari ne ke zagayawa cikin bututu. A ɓangaren ɗaki yakan rikiɗe daga ruwa ya zama iska, ya shanye zafi. Daga nan kwamfuresa ta matsa shi, ya saki zafin ta bayan bango, ya koma ruwa. Injiniya Willis Carrier ne ya ƙera na'urar zamani ta farko a 1902 a Amurka, domin rage danshi a wata maɗaba'a.

Abu na farko da za a duba shi ne ƙarfi, wanda ake aunawa da ma'aunin BTU. Na'ura mai doki ɗaya takan kwashe kimanin BTU 9,000 a awa, mai doki ɗaya da rabi 12,000, mai doki biyu 18,000. Ƙaramin ɗakin kwana mai sili doki ɗaya ya ishe shi, amma wanda tagarsa ke duban yamma yana bukatar ƙari. Ƙaramar na'ura a babban ɗaki ba ta hutawa. Babba a ƙaramin ɗaki kuwa takan tsaya da wuri tun ba ta tsotse danshi ba, sai baƙo ya ji ɗakin da sanyi amma da laima, musamman a watan Agusta.

Na biyu shi ne kaurin bango. Na'urar da aka yi domin taga tana shan iska ta ramukan gefenta. Idan magini ya cusa ta cikin bulo mai inci tara ya toshe ramukan, zafi zai rasa mafita har kwamfuresa ta ƙone. Wadda aka yi domin bango ta baya kawai take numfashi. Kuma a karkata ta kaɗan zuwa waje, domin ruwanta ya zuba can, kada ya jiƙa shafen ɗaki.

Na uku shi ne lantarki. An ƙera waɗannan na'urori ne domin wuta mai bolt 220 zuwa 240. Idan wuta ta yi rauni, kwamfuresa takan ja fiye da kima ta yi zafi, don haka sitabilaiza wajibi ce. A lokacin tashi ma takan ja ninkin abin da take ci sau da yawa, shi ya sa bai kamata a kunna ɗakuna duka a tare bisa janareta ba. In an ɗauke wuta aka dawo da ita, a dakata minti uku kafin a kunna.

Na huɗu shi ne sinadarin. Yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta sa an daina R-12 saboda yana cinye lemar ozon, kuma ana janye R-22 a hankali a ƙasashe masu tasowa zuwa 2030. Mai sayen tsohuwar na'ura 'yar kwatano mai R-22 ya sani cewa gas ɗinta zai riƙa tsada. Sababbi suna amfani da R-410A ko R-32.

Daga ƙarshe, ƙurar hunturu takan toshe ragar da ke tace iska. A zaɓi na'urar da ake zare ragarta ta gaba ba tare da kwance komai ba, a riƙa wanke ta duk mako biyu daga Nuwamba zuwa Fabrairu.