Allin Launi a Darasin Zane: Yadda Ake Gabatar da Shi ga Ƙananan Ɗalibai da Gudunmawar Kalmomin Launi na Hausa

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayanin allin launi, wanda masu zane ke kira fastel, da matakan gabatar da shi ga ɗaliban firamare. Ta nuna cewa babbar fa'idarsa ita ce koya wa yaro cewa launi ɗaya yana da matakai na kauri da dishewa. Ta kuma nuna cewa harshen Hausa yana da hanyoyin bayyana waɗannan matakai, wato amsa-kama da ninkin kalma, waɗanda malami zai iya dogara da su a aji.

1.0 Gabatarwa

Zane wani sashe ne na darasin al'adu da fasahar ƙirƙira a manhajar ilimin bai-ɗaya ta Nijeriya. Sai dai a azuzuwa da dama abin da ake kira zane bai wuce malami ya zana ƙwarya a kan allo yara su kwafa da fensir ba. Yaron da ya taso a haka yakan iya fitar da siffa, amma yakan ɗauki launi a matsayin abin cike gurbi kawai: sama shuɗiya, ganye kore, shi ke nan. Allin launi na daga cikin kayan aikin da ke gyara wannan fahimta cikin sauƙi, domin ba ya buƙatar ruwa ko buroshi, kuma abin da hannu ya yi yana bayyana nan take.

2.0 Ma'ana da Asalin Allin Launi

Bahaushe ya san kalmar alli tun kafin zuwan makarantar boko, domin ita ce sunan farar hodar da masu kaɗi ke shafawa a yatsu yayin murza mazari. Daga baya sunan ya koma kan allin rubutu a aji. Allin launi kuwa garin launi ne da ake kwaɓawa da ɗan abin ɗauri, kamar ƙaro, a mulmula shi siriri a shanya. Idan ana son launin ya yi haske sai a ƙara masa farin gari, kamar farar ƙasa. Da yake abin ɗaurin kaɗan ne, garin yana sauka a kan takarda da zarar an goga, kuma yatsa na iya baza shi. Hikimar haɗa gari da ƙaro ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa, domin da ita ake kaɗa tawadar allo.

A Turai wannan alli ya shahara a ƙarni na 18. Rosalba Carriera, 'yar birnin Venis ta Italiya, ta yi fice da shi wajen zana fuskoki, har aka karɓe ta a makarantar zane ta masarautar Faransa a shekarar 1720. A ƙarni na 19 Edgar Degas ya nuna yadda ake jera launi bisa launi har zane ya yi zurfi. Ya kamata a bambanta shi da ɗan'uwansa mai maiƙo, wanda kamfanin Sakura na Japan ya fitar domin yaran makaranta a 1925. Mai maiƙon yana manne wa takarda, ba ya ƙura, amma ba ya bazuwa da yatsa kamar na gari.

3.0 Shekarun da Suka Dace

A littafinsa Creative and Mental Growth na 1947, Viktor Lowenfeld ya kasa ci gaban zanen yara zuwa matakai. Daga shekara 2 zuwa 4 yaro yana zane-zane ne barkatai. Daga 4 zuwa 7 yana fara fitar da siffofi, amma yakan zaɓi launi don sha'awa. Daga 7 zuwa 9 yakan tsayar wa kowane abu siffa ɗaya da launi ɗaya. Daga shekara 9 yakan fara lura da cewa abubuwa ba haka suke a zahiri ba. Bisa wannan rabo, lokacin da allin launi ya fi amfani shi ne daga aji uku zuwa aji shida na firamare, wato daidai gaɓar da yaro ke shirin sakin ƙa'idar launi ɗaya ga abu ɗaya. Ƙananan yara ma za su iya wasa da shi, amma sukan kai hannu baki da ido, don haka suna buƙatar sa ido sosai.

4.0 Matakan Gabatarwa a Aji

Abu na farko shi ne zaɓen takarda. Allin launi yana buƙatar takarda mai ɗan kaushi wadda za ta riƙe garin. Mai santsi takan zubar da shi. Bayan kwali da takardar ƙunshi mai ruwan ƙasa sun fi farar takardar rubutu dacewa, domin a kansu farin alli yakan fito fili, yaro ya gane cewa fari ma launi ne da ake sakawa. Yana da kyau malami ya karya kowane alli gida biyu tun kafin rabo. Wannan yana ninka yawan kayan, yana kuma kawar da fargabar karyawa, wadda takan sa yaro ya riƙe alli a ɗarare.

A darasin farko kada a ce a zana komai. A bar yara su gwada bakin allin wajen jan layi, su kwantar da shi a gefensa su share fili, su danna da ƙarfi, sannan su sassauta. A darasi na biyu sai a shiga jera launi: a shimfiɗa rawaya, a ɗora shuɗi sama-sama, a murza da yatsa, kore ya fito. Akan fara da launuka masu duhu a ƙare da masu haske, kuma mai aiki da hannun dama ya faro daga saman hagu domin kada tafinsa ya goge abin da ya riga ya yi. A gargaɗe su game da yawan murzawa, domin launuka da yawa idan suka cakuɗe sukan koma ruwan toka mai datti.

Sai a darasi na uku za a kawo abin kallo. Mangwaro mai shirin nuna ya dace ƙwarai, domin a jikinsa kore yana sajewa da rawaya, rawaya da ja, ba tare da iyaka ba. Haka nan sararin samaniya gab da magariba. Daga nan ana iya komawa ga dagi da sauran adon bangon gidajen Zariya da Kano, inda yara za su haɗa tsararren layi da launi mai matakai.

5.0 Harshen Koyarwa da Kalmomin Launi

A nan ne batun ya shafi masu nazarin Hausa kai tsaye. Yaro ya fi riƙe bambancin da aka ba shi sunansa. Hausa tana ƙarfafa launi ta hanyar amsa-kama: ja wur, fari fat, baƙi ƙirin, kore shar. Tana kuma raunana shi ta hanyar ninki: ja-ja, fari-fari, baƙi-baƙi, shuɗi-shuɗi. Ke nan kowane launi yana da aƙalla matakai uku a bakin yaron tun kafin ya shigo aji, kuma matakan sun yi daidai da aikin hannu. Idan ya danna alli da ƙarfi ya sami ja wur, idan ya daidaita ya sami ja, idan ya sassauta ya murza ya sami ja-ja. Malamin da ya ce wa ɗalibi ya mayar da gefen mangwaron kore-kore ya ba shi umarnin da zai fahimta ba tare da dogon sharhi ba.

Hanya ta uku ita ce jingina launi ga abin da aka sani da kalmar ruwa: ruwan toka, ruwan ƙasa, ruwan goro, ruwan ɗorawa, ruwan hoda. Wannan tsari a buɗe yake, don haka idan yara suka haɗa launin da ba su san sunansa ba, malami zai iya neman su raɗa masa suna daga abin da ke kewaye da su. Ta haka darasin zane yakan zama darasin bunƙasa kalmomi, kuma tsofaffin sunaye irin su algashi da shunayya, waɗanda yaran birni ba su cika ji ba, sukan sami hanyar dawowa.

6.0 Kiyaye Lafiya da Adana Aiki

Babbar illar allin launi ita ce ƙura. Kada a bar yara su hure garin da baki. A ɗaga takardar a karkaɗe shi a kan tsohuwar jarida. A buɗe tagogi, a goge tebura da jiƙaƙƙen tsumma, a wanke hannu bayan darasi, a kuma kula da masu ciwon asma, musamman a lokacin hunturu. A sayi wanda aka yi domin yara, saboda wasu launukan ƙwararru suna ɗauke da sinadarai masu cutarwa irin su kadmiyum. Maganin feshi da ke daskarar da garin aikin malami ne shi kaɗai, a waje, bayan yara sun tashi. Inda babu shi, a sa takarda mai santsi tsakanin zane da zane a ajiye su a kwance.

7.0 Kammalawa

Maƙalar ta bayyana abin da allin launi ya ƙunsa, da shekarun da ya fi dacewa da su, da matakan koyar da shi daga gwajin hannu zuwa zanen abin kallo. Ta nuna cewa amsa-kama da ninki da tsarin jingina launi sun ba malami mai koyarwa da Hausa kayan aikin da suka dace da wannan alli. Abin da ya rage ga sassan nazarin Hausa da na zane-zane shi ne su haɗa hannu wajen tattara sunayen launuka daga karuruwa daban-daban, musamman daga bakin marina da masaƙa da dukawa, a tsara su tare da samfurin kowane launi domin amfanin malaman firamare.