Potiskum: Yadda Aka Buɗe wa Baƙi Zaure a Shekarun Tsoro

Motar da ta taso daga Kano ko Bauchi ta nufi Maiduguri galibi takan ratsa Potiskum. Ranar Laraba kuwa, ranar kasuwar shanu, garin kan cika da mutanen da ba a san asalinsu ba: makiyaya da suka koro dabbobi daga daji, fatake daga Nijar da Chadi, direbobin tirela masu lodin shanu zuwa Legas da Fatakwal. Ngizimawa da Bolawa da Karekare da Fulani da Hausawan garin sun daɗe da sabawa da baƙo. A kasuwa akwai fatoma, wanda ke saukar da mai dabbobi a gidansa, ya ba shi tuwo da wurin kwana, ya tsaya masa har a kammala ciniki.

Shekarun rikicin Boko Haram ne suka jarraba wannan ɗabi'a. A watan Mayun 2012 'yan bindiga suka auka wa kasuwar shanu, suka kashe mutane da dama. Ranar 10 ga Nuwamba, 2014, wani ya shiga makarantar sakandaren kimiyya ta gwamnati sanye da kayan ɗalibai, ya tayar da bam lokacin taron safe, aka rasa rayuka fiye da 40. A farkon 2015 aka tayar da bama-bamai a Kasuwar Jagwal, inda ake sayar da wayoyi, da kuma tashar Ɗan Borno. Abin da ya fi ciwo shi ne, a wasu hare-haren yara mata aka ɗaura wa bam. Yarinyar da a da za a tambaya, "'Yata, ina iyayenki?" sai ta koma wadda ake ja da baya idan ta tunkaro.

A daidai wannan lokaci ne dubban mutane suka tsero daga Gujba da Gulani da garuruwan Borno, bayan mayaƙa sun mamaye Buni Yadi da kewayenta a 2014. Wasu sun tsaya Damaturu, wasu suka ƙaraso Potiskum, da yawansu ba su ɗauko komai ba sai tufafin jikinsu. Ƙididdigar da Hukumar Kula da Ƙaura ta Duniya ta yi a 2015 ta nuna cewa kusan 9 cikin kowane 10 na 'yan gudun hijirar Arewa maso Gabas a cikin gari suke zaune tare da jama'a, kaɗan ne sansanoni suka ɗauka. Ma'ana, magidanta ne suka ɗauki nauyin. An share zaure, an bayar da kangon da ba a gama ginawa ba, matan gida sun ƙara mudu a tukunya alhali kasuwa ta mutu, dokar hana fita ta tsuke nema.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin mai buɗe ƙofa a lokacin ya san yana iya jawo wa kansa tuhumar jami'an tsaro ko tsegumin maƙwabta. Idan aka bi diddigin abin da ya sa mutane suka yi hakan, amsar a masallaci da coci take. Matafiyin da guzurinsa ya yanke yana cikin rukunin mutane 8 da Suratu Tauba ta ware wa zakka, ko da kuwa mai dukiya ne a garinsu. Yaron da ya yi Islamiyya ya san yadda mutanen Madina suka raba gidajensu da gonakinsu da waɗanda suka yi hijira daga Makka. Kiristocin garin, waɗanda su ma bam ya tashi a wani cocinsu a Yulin 2015, suna da labarin Basamariyen da ya tsaya kan mutumin da 'yan fashi suka yasar a hanya, bayan malaman addini biyu sun gan shi sun ratse. Bahaushe ya taƙaita da cewa baƙonka annabinka.

Sai dai masu masaukin nan ba su sami kulawar da ta dace da su ba. Motar kayan agaji ta fi saurin gane sansani, inda akwai rajista da layi, fiye da gidan wani dattijo da ke ciyar da iyali biyu daga rumbu ɗaya. Irin waɗannan gidaje babu wanda ya rubuta sunayensu.

Yau ƙura ta lafa, amma hanyar Maiduguri ba ta daina kawo mabuƙata ba. Akwai wanda aka yanke wa aljihu a tasha, akwai matar da ta kawo mara lafiya Babban Asibitin Potiskum kuɗinta suka ƙare, akwai almajirin da ya ɓace wa tsangayarsu. Hanyoyin taimakon sanannu ne: liman ya yi sanarwa bayan sallar Magariba a shimfiɗa rawani ko hula, 'yan kamasho su roƙi direba ya rage wa mutum hanya, 'yan agaji su raka mara lafiya, a kai yaron da aka tsinta gidan mai unguwa a yi cigiya. Abin da ya canza tun daga 2014 shi ne, mai saukar da baƙo yakan fara sanar da mai unguwa kafin ya shimfiɗa masa tabarma.