Motar Sanyi a Hanyar Dogarawa

Ni direba ne, mota mai firigo nake tuƙawa. Ina ɗauko madarar yawur daga Yamai, in biyo babbar hanya ta ɗaya ta Doso da Dogonduci, in sauke a Birnin Ƙonni, Malbaza da Dogarawa, in zarce Madawa. Yamai zuwa Ƙonni kawai ya haura kilomita 400.

Aikin duka tsaron sanyi ne. Yawur na son digiri 2 zuwa 6, daskararren kifi kuwa sai 18 ƙasa da sifiri. A watan Afrilu zafin waje yakan wuce 40. Duk buɗe ƙofar baya asara ce, shi ya sa nake jera kayan kowane mai shago tun wurin lodi: na Ƙonni a bakin ƙofa, na Dogarawa can ciki. Yaron mota ya sani, ba a ciniki ƙofa na buɗe. Ko a tsayawar sallah kunnena na kan ƙarar injin sanyin.

Masu lodin albasar Galmi sun fi mu kwanciyar hankali, don kayansu na jure kwana a hanya. Namu sa'o'i kaɗan ke lalata shi.

Abin da ya fi damuna shi ne bayan saukewa. A 2023, da Najeriya ta yanke wa Nijar wuta, masu shaguna suka rage saye, kuma ban ga laifinsu ba. Har yau, kafin in sauke kwali, nakan ce, "Alhaji, bari in taɓa cikin firigon naka," domin yara ne za su sha wannan madarar.