Rood Woko: Sayen Sola Ba Wuya, Riƙon Ta Ne Aiki

Duk ɗan kasuwar da ya sauka Wagadugu sarin kaya, ko daga Sinkase ya taso, ko Dakola, ko Kancari, zai shaida cewa titunan da ke kewaye da babbar kasuwar Rood Woko sun cika da kayan sola. Ga faifan sola, wanda mutanen nan ke kira plak, an jingina a ƙofofin shaguna, ga batura jibge, ga fankoki da ƙwayayen fitila. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Da bazara ta kama, daga Maris zuwa Mayu, wutar kamfanin SONABEL ba ta isar kowa, sai a dinga ɗauke ta unguwa-unguwa. Sannan a shekarar 2013 gwamnatin Burkina Faso ta ɗauke wa kayan sola kuɗin duwan da haraji, abin da ya ƙara musu araha.

To, amma sayen doki daban, harawarsa daban. Mu kanmu a gidan rediyonmu mun ɗanɗana. Mun haɗa kuɗi aka sa mana sola, muka yi ta murna, amma ba a cika shekara biyu ba batura suka mutu murus. Muka dinga zagin wanda ya sayar mana, sai da wani mai gyara ya hau rufin ya sauko ya nuna mana tafin hannunsa ja wur da ƙura, sannan muka yi shiru. Tun ranar da aka kafa faifan babu wanda ya taɓa goge shi.

Ƙura ita ce abokiyar gaba ta farko. Faifan sola haske yake ci, kuma duk abin da ya shiga tsakaninsa da rana ya rage masa abinci. Da hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, kwana kaɗan ya isa jar ƙasar Wagadugu ta lulluɓe gilashin. Ko babbar tashar sola ta Zagtouli da ke yamma da birnin, mai megawat 33, wadda Shugaba Roch Marc Christian Kaboré da takwaransa na Faransa Emmanuel Macron suka buɗe a watan Nuwamban 2017, sai an bi faifanta sama da dubu 129 ana wankewa, balle faifai biyu a kan kwanon shago. Wankin ba ya son komai sai ruwa mai tsabta da tsumma mai laushi, da sassafe ko bayan la'asar sakaliya. Kada a watsa ruwan sanyi a kan gilashin da ya sha ranar tsaka, domin yana iya tsagewa. Kada kuma a sa soson ƙarfe ko a taka shi da ƙafa. A lura da inuwa. Ƙwayoyin da ke cikin faifan a jere suke kamar ayarin raƙuma, idan kashin tsuntsu ko inuwar eriya ta rufe guda, sai tafiyar sauran ta ragu. A ƙasashenmu ana fuskantar da faifan kudu ne, a ɗan karkata shi yadda ruwan sama zai gangare, a kuma bar sarari tsakaninsa da kwano iska ta ratsa, domin saɓanin yadda jama'a ke zato, tsananin zafi rage masa ƙarfi yake yi.

Sai dai faifai mai kyau yakan yi shekara 20 zuwa 25 yana aiki. Inda kuɗin ɗan kasuwa ke zurarewa shi ne batir, kuma a nan ne muke son mai karatu ya tsaya da mu. Batirin dalma, wanda shi ne a hannun yawancinmu, ba ya son a tatse shi ƙarƙaf. Ƙa'idarsa a sha rabi a bar rabi. Ga lissafin: batir mai volt 12 da amfiya 200 yana riƙe da wat 2,400 na awa guda, wato abin da ya halatta ka taɓa 1,200 ne kacal. Fanka mai wat 60 idan ta kwana tana juyawa awa 10 ta cinye 600. Ƙara talabijin da fitilu da cajin wayoyin maƙwabta, ka ga an kai iyaka. Wanda ya jona firiza a kai don ƙanƙarar sayarwa, to ya san batirinsa yake sayarwa da kaɗan-kaɗan. Batirin da ya cika ya huta yakan nuna kamar 12.7 a na'urar awo; idan ya sauko wajen 12.1, rabi ya tafi, lokacin kashe kaya ya yi.

Akwai ɗan akwatin da ake sawa tsakanin faifai da batir, regilato, wanda aikinsa ya hana batir cika fiye da kima, ya kuma yanke wuta idan ya yi ƙasa. Abin takaici, da ya fara yanke wuta da dare sai ka ga mutum ya kira yaro ya zagaye shi da waya, wai yana da matsala. Ba shi da matsala, gaskiya yake faɗa. Haka mu ma muka yi, ga ƙura ta hana batura cika da rana, ga mu muna tatsar su da dare.

Zafi ma na kashe batir. Masu ƙera shi sun auna shi ne a kan digiri 25, kuma duk ƙarin kamar digiri 10 yana raba kwanansa biyu. Sai a auna da shagon kwano a watan Afrilu, lokacin da zafin Wagadugu ke haura digiri 40. A ɗora shi a kan katako a wuri mai inuwa da iska. Idan mai murfi ne, a duba ruwansa duk wata, a ƙara masa tataccen ruwan batir kawai, ba ruwan famfo ba, ba asid ba. Kada a haɗa sabo da tsoho a layi ɗaya, tsohon zai ja sabon ƙasa. Batirin mota kuwa an yi shi ne don tada inji na ɗan lokaci, ba don ya kwana yana ba da wuta ba. Na lityum da suka shigo daga baya sun fi jure tatsa da daɗewa, sai dai tsada, kuma jabu ya yi yawa. Araha ba ta ado, a karɓi rasit da takardar garanti.

Yanzu sai batun da ya fi kuɗi nauyi. Duk wanda ya zauna garin nan bai manta da ranar 27 ga Mayun 2003 ba, ranar da gobara ta cinye Rood Woko. Ba a sake buɗe kasuwar ba sai a watan Afrilun 2009, kusan shekara shida 'yan kasuwa na watse a ƙananan kasuwannin birni. Ga Hausawan Wagadugu shekarar ta zo da ɗaci biyu, domin a cikinta ne aka rushe tsohon zangonmu na Zangouettin a ƙarƙashin shirin ZACA. Ba mu ce sola ce ta haddasa waccan gobara ba. Abin da muke cewa shi ne, a kasuwa wutar shago ɗaya ta kowa ce. Wutar batir ba ta cika jan mutum ba, shi ya sa ake raina ta, amma idan wayoyi biyu suka haɗu nan take suke yin ja. Siririyar waya, da haɗin da aka murɗa da hannu aka naɗe da leda, da rashin fiyus kusa da batir, su ne mafarin bala'i, musamman a shagon atamfa ko katifa. Batir mai ruwa kuma yana fitar da iska mai kamawa da wuta yayin caji, don haka ba a kulle shi cikin akwati, ba a kuma kunna sigari ko ashana kusa da shi.

Idan batir ya mutu, kada a bar yara su fasa shi don ciro dalma, kada a zubar da ruwansa a kwata. A unguwar Thiaroye-sur-Mer da ke gefen Dakar, yara 18 ne suka rasu tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008 saboda gubar dalmar tsofaffin batura da ake fasawa a cikin gidaje. A mayar wa dillalin batir da shi a rufe yadda yake, galibi ma sukan saya ko su rage wa mutum kuɗin sabo.