Kaye Ɗaya ko Jimillar Ramuka: Raba Gardama a Manyan Gasannin Golf

Kwana huɗu ake yi ana buga gasar golf ta ƙwararru, daga Alhamis zuwa Lahadi, rami 18 kowace rana, 72 ke nan gaba ɗaya. Wanda ya gama da mafi ƙarancin bugu shi ne zakara. Sai dai wani lokaci, bayan kowa ya yi bugu 270 da ɗoriya, a duba allo a tarar mutum biyu ko uku sun yi kunnen doki. Kofi kuwa ɗaya ne. Manyan gasannin maza huɗu, wato Masters da PGA Championship da US Open a Amurka, da kuma The Open a Birtaniya, kowacce da yadda take raba wannan gardama, amma hanyoyin nasu biyu ne idan aka tace.

Ta farko ita ce ta Masters, wadda zan kira kaye ɗaya, don kamar kokawa take: da zarar bayan mutum ya taɓa ƙasa, magana ta ƙare. Ana komawa rami na 18 a filin Augusta, inda ake buga gasar, idan ba a rabu ba a wuce na 10, a yi ta juyawa har wani ya fi abokin karawarsa a rami guda. Ta biyu ita ce jimilla: a buga wasu 'yan ramuka da aka ƙayyade, a haɗa lissafi. PGA uku take bugawa tun 2000, The Open huɗu a mafi yawan filayenta, US Open kuma biyu tun 2018. Idan an gama har yanzu ana daidai, sannan a koma kaye ɗaya.

Da can ba haka ake yi ba. Gari ake bari ya waye a sake sabon zagaye cur. A US Open ta 1931, Billy Burke da George Von Elm sun ƙara rami 36 ba su rabu ba, suka ƙara wasu 36, sannan Burke ya ci da tazarar bugu ɗaya tak. Karo na ƙarshe da aka yi irin wannan sabon zagaye ranar Litinin shi ne 2008 a Torrey Pines, inda Tiger Woods, da gwiwarsa mai ciwo, ya yi rami 18 da Rocco Mediate suka sake yin daidai, sai a na 19 ya samu sa'arsa. Wasa ne da ba a mantawa, amma gidajen talabijin da 'yan kallo da masu aikin sa kai duk a ranar Lahadi suke son a tashi, shi ya sa wannan tsari ya mutu.

Duk mai son auna hanyoyi biyun da suka rage, ya dubi Greg Norman na Ostireliya, mutumin da ya sha kashi a wasan raba gardama a dukkan manyan gasannin huɗu. A Masters ta 1987 ya haɗu da Seve Ballesteros da Larry Mize. Ballesteros ya fita tun a ramin farko. A na biyu, wanda a lokacin shi ne rami na 11, ƙwallon Mize ta kauce ta faɗi can gefe, sama da mita 40 daga rami, ta Norman kuwa ta fi kusa. Kowa ya ɗauka Norman ne a sama. Mize ya ɗaga ƙwallon, ta dira, ta gangara, ta faɗa rami. Norman bai yi wani kuskure ba, amma ba a ba shi damar ramawa ba, saboda babu rami na gaba.

Bayan shekara biyu, a The Open ta 1989 a Royal Troon, aka fara amfani da jimillar ramuka huɗu, kuma Norman na ciki, tare da Mark Calcavecchia da Wayne Grady. A ramin farko Norman ya yi bugu uku, sauran biyun suka yi huɗu-huɗu. Da a Augusta ne, nan take ya ɗaga kofi. Amma akwai sauran ramuka uku a gaba. Calcavecchia ya kamo shi a na uku, a na ƙarshe kuma ƙwallon Norman ta faɗa yashi, daga nan ta sake faɗawa wani yashin, daga nan ta fice daga fili gaba ɗaya. Bai ma ƙarasa ramin ba. Wato tsarin da ya buƙata a 1987 shi ya kayar da shi a 1989.

To, wane sakamako ya fi kama da gaskiya? A ganina na 1989 ne. Calcavecchia ya yi bugu 13 a ramuka huɗu, ya nuna cewa a wannan yammaci hannunsa ya fi na kowa tsayawa. Haka aka gani a PGA ta 2010 a Whistling Straits: Bubba Watson ya ci ramin farko, Martin Kaymer na Jamus ya rama a na biyu, a na uku Watson ya jefa ƙwallonsa ruwa. Golf wasan lissafi ne da haƙuri. Kwana huɗu ana gaya wa ɗan wasa cewa mugun bugu ɗaya ba ya kashe mutum muddin ya iya gyarawa a gaba, sai kuma a sa'ar ƙarshe a sauya masa doka a ce bugu ɗaya ne komai. Ƙwallo kan daki bishiya ta dawo tsakiyar fili, wata kuma ta sauka daidai ta gangara cikin wani gurbi. A rami ɗaya irin wannan sa'a tana iya yanke hukunci ita kaɗai. A ramuka huɗu ƙarfinta yana raguwa. Ga kuma batun fasalin rami: na 18 a Augusta hawa ne mai karkata dama, na 10 gangara ce mai karkata hagu, kuma kowane ɗan wasa akwai ɓangaren da ƙwallonsa ta fi saba lanƙwasawa.

Masu goyon bayan kaye ɗaya ma suna da hujja, kuma ba ta banza ba ce. Suna cewa adalci an riga an yi shi a ramuka 72. Wanda ya kasa tsere wa abokinsa a kwana huɗu ba shi da bakin kukan an gaggauta masa. Sannan babu abin da ke tsayar da numfashin mai kallo kamar sanin cewa kowane bugu yana iya zama na ƙarshe. Wanda ya kalli Rory McIlroy da Justin Rose a 2025, lokacin da McIlroy ya ci a ramin farko ya kammala tara manyan kofunan huɗu, ba zai ce an cuce shi ba. Jimilla kuwa tana iya mutuwa tun ba a gama ba. A 2009 a Turnberry, Tom Watson mai shekara 59 ya gaji likis, Stewart Cink ya ba shi tazarar bugu shida, ramukan ƙarshe suka zama abin tausayi kawai.

Akwai kuma dalilin da ba ruwansa da adalci, wato hasken rana. Masters a watan Afrilu ake yin ta a jihar Jojiya, kuma rukunin ƙarshe kan gama ne rana ta yi ƙasa sosai. The Open a watan Yuli take, lokacin da a Sikotlan ake kaiwa bayan ƙarfe tara na dare da sauran haske. Tun 1979 da aka fara kaye ɗaya a Augusta, ba a taɓa wuce rami na biyu ba, don haka tsarin ya dace da agogonsu.

Ramuka biyu na US Open su ne ban gamsu da su ba ko kaɗan. Sun yi kaɗan a ce mutum ya samu sararin gyara kuskure, ba su kuma da zafin kaye ɗaya. Daga 2018 zuwa 2025 ba a buƙace su ba, saboda ba a yi kunnen doki ba.

Idan nishaɗin yammacin Lahadi ake nema, Masters ta fi kowa iya shi. Idan kuwa ana son a san wanda ya fi a tsakanin mutanen da suka yi daidai bayan rami 72, ramuka huɗu na The Open su ne hanya mafi inganci, uku na PGA na biye da su.