Zaizayar ƙashi: wane magani ne na farko, wanne ke biye?

Tsohuwa ta zame a gindin randa. Faɗuwa ce wadda yaro zai tashi ya kakkaɓe riga, amma ita ƙashin kwatangwalonta ya karye. Daga Konni zuwa Illela akan kai ta wurin mai ɗori, ko asibitin Galmi da ke gundumar Malbaza, a ce tsautsayi ne. Sau da yawa kuwa ciwo ne, wanda likitoci ke kira osteoporose. Bayan ɗaukewar haila ƙashin mace yakan rarake kamar azarar da gara ta ci, ba zafi ba alama, sai ranar karaya.

Kafin a rubuta magani, likita kan duba ƙoda da haƙora, ya ƙara wa majinyaciya kalsiyam da bitamin D idan sun yi ƙaranci. Yakan kuma tambaya ko tana shan dexamethasone, ƙwayar da ake saye a kasuwa don ƙiba ko ciwon gaɓoɓi, domin tana cin ƙashi, kuma ba a barin ta sai sannu a hankali.

Wanda aka fi farawa da shi shi ne alendronate, da ya fito a 1995: ƙwaya ɗaya a mako, da sassafe kafin karin kumallo, da ruwa cikin kofi, kuma ba kwanciya sai bayan minti 30. Wadda cikinta ya ƙi shi ana yi mata ƙarin ruwan zoledronate sau ɗaya a shekara. Bayan shekara 3 zuwa 5 likita na iya ba da hutu, don maganin yana daɗewa cikin ƙashi.

Allurar denosumab, ta kowane wata 6, ba ta san hutu ba. In aka yanke ta ba tare da an bi ta da alendronate ko zoledronate ba, ƙashin baya na iya karyewa wuri da yawa cikin ƴan watanni. A ganina, iyalin da kuɗin magani ke jiran kakar albasa ko aiken ɗa daga ci-rani su faɗa wa likita haka tun kafin allurar farko.

Akwai masu gina sabon ƙashi, teriparatide da romosozumab, masu tsada ƙwarai, na waɗanda karayarsu ta yawaita. Su ake sa wa gaba, sannan a bi da alendronate don ya riƙe abin da aka gina. In an juya tsarin, amfaninsu yakan ragu.